Yadda hita fulogi ya ci mini kuɗin batir da na nozul kafin a gano shi

Motata Hiace ce mai shan gas, injin 5L silinda huɗu, 'yar Kwatano na saye ta, kuma aikinta ɗaya ne, lodin kayan gwari daga Farin Gada nan Jos zuwa Muda Lawal a Bauchi, kabeji da karas da koren wake, wani lokacin dankalin turawa. Duk wanda ya san wannan harkar ya san asuba ce kasuwa, in ka makara wani ya riga ka sauke kaya to ranar sai dai ka sayar yadda aka taya. Shekara uku ina tare da ita ban san wahalar tashi ba, rabin kik take tashi, har 'yan tasha na yi mini tsiya wai motar ta fi mai ita kuzari. Sai ƙarshen Nuwamban 2023 da hunturu ya sauka sosai, wata asuba na murɗa makulli, fitilar nan ta hita fulogi, abin da ke ba injin gas zafi kafin a tayar, mai kama da murɗaɗɗiyar waya a dashbod ta kawo ta ɗauke kamar kullum, na buga kik, inji na juyawa garau amma ta ƙi kamawa. Sai a bugu na huɗu ta tashi, tana kakkarwa kamar mai zazzaɓi, salansa na fitar da wani farin hayaƙi mai yaji a ido da warin ɗanyen gas. Bayan minti ɗaya ko biyu ta daidaita, hayaƙin ya ɗauke, muka je Bauchi muka dawo ba ta ce uffan ba. Na kashe ta a Nabordo mun yi salla ta tashi rabin kik, na kashe a kasuwa ta tashi rabin kik. Sai na ce sanyi ne kawai, ai ko mutum da ƙyar yake fita bargo a Jos a wannan lokacin.

Washegari haka, jibi ya fi na jiya. Kafin sati ya zagayo sai na buga sau bakwai sau takwas har batir ya fara yin sanyi, kik na jan inji da ƙyar. Nan na fara kuskure na farko. Na je wurin mai cajin batir da nake hulɗa da shi, na ce masa mota ba ta tashi da safe, bai tambaye ni komai ba ya ɗora abin gwajinsa a kan batir ɗin da na riga na tsotse da bugun kik, ya girgiza kai ya ce oga wannan ya gama aiki, sel ɗaya ya mutu. Ni ma da yake abin da nake zato ke nan ban yi gardama ba, na cire naira dubu sittin da biyar na sayi sabo, tsohon kuma ya taya a wulaƙance na ce a'a na jefa shi bayan mota. Kwana biyu da sabon batir motar ta ɗan yi sauƙi, saboda yana juya inji da sauri, na yi ta murna har na ba yaron motata labarin cewa an huta. Rana ta uku muka koma gidan jiya, bambancin kawai yanzu ina da batir mai ƙarfin da zan yi ta bugawa ba ya gajiya.

Daga nan sai gareji. Bakaniken da ke yi mini sabis ya ce iska ce ke shiga layin gas, mai na komawa tanki da dare, ya nuna mini famfon hannu da ke saman filta ya ce in riƙa dannawa kafin in tayar. Ya canza filta, dubu shida, ya karɓi dubu biyu na aiki. Da asuba na danna famfon nan, dannawa biyu ya yi tauri, wato layin cike yake da mai, amma ban san ma'anar hakan ba a lokacin. Ta ƙi tashi dai. Na koma, ya ce to nozul ne, wato abin da ke fesa gas cikin inji, a cire a kai wa masu injekta. Wannan ya ci mini yini guda cur ba lodi, tun ƙarfe tara na safe muna zaune a benci ana jiran layi, tireloli da tifa a gabanmu, sai bayan la'asar aka ɗora nawa a kan na'urar gwaji. Gaskiya ɗaya daga cikin huɗun yana ɗiga maimakon ya fesa, na gani da idona, aka canza masa baki aka daidaita sauran, dubu ashirin da huɗu. Motar ta ƙara lafiyar tafiya a hanya, wannan ba zan ɓoye ba, hawan da ke bayan Tilden Fulani ma ta daina baƙin hayaƙi, amma tashin asuba yana nan yadda yake. Da na sake komawa gareji sai mutumin ya sauke murya ya ce Alhaji ni fa ina ganin ringin fistin ne, kwamfureshan, wato ƙarfin matse iska, ya sauka, sai an sauke inji. Ya fara lissafa mini fistin da ringi da gasket da kuɗin aiki, ban ma tsaya jin jimla ba, zuciyata ta riga ta faɗi, ga gas a lokacin ya haura naira dubu ɗaya lita, ga kuɗin makarantar yara na Janairu na tafe.

A tsakanin nan babu dabarar da ba mu yi ba, kuma ina faɗa ne don kar wani ya yi. Na koma ajiye motar a kan gangara a unguwa, da asuba mu tura ni da yarona da duk wanda ya fito masallaci, har mutane suka fara canza hanya in sun hango ni. Mun tafasa ruwa a buta mun zuba a kan inji, yana ɗan taimakawa. Wata rana yaron ya ce ya ga ana yi, ya cire bututun iska ya fesa maganin sauro ina buga kik, motar ta tashi da wata ƙara kwas kwas kwas kamar ana dukan ƙarfe da guduma a cikin injin, wallahi sai da hanjina ya kaɗa. Ban sake yarda ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da wani dillalin kabeji da muka shekara biyu tare ya jira ni har gari ya waye, ya ba wata motar kayan, da na iso ya ce ka yi haƙuri malam, kayan gwari ba ya jira. Ban ga laifinsa ba.

A wurin mai shayi na haɗu da wanda ya warware mini. Wani dattijo ne mai gyaran wayarin mota, kowa Baba yake ce masa, ya ji ina ba wani direba labarin za a sauke mini inji, ya ajiye kofinsa ya ce yaro, in ta yi zafi tana ba ka wahalar tashi? Na ce a'a Baba. Tana shan baƙin mai? Na ce daga sabis zuwa sabis ba na ƙari. Tana jan lodi a hawa? Na ce tana ja. Hayaƙin safen wane launi? Na ce fari, mai warin gas. Ya yi dariya ya ce to wa ya duba maka hita? Na ce ai hita lafiya lau, fitilarsa na kawowa tana ɗaukewa. Ya ce wannan fitilar ƙwan dashbod ce kawai, agogo ne ke kunna ta ya kashe, ko ka cire fulogan huɗu duka ka sa a aljihu za ta kawo ta ɗauke. Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai har yau, don sati uku ina kallon fitilar nan ina cire hita daga lissafi. Ya ce in kai masa motar da yamma ta kwana a wurinsa, shi ba ya duba irin wannan ciwon da inji mai zafi.

Ƙarfe shida da rabi na safe ina wurin, sanyi na ratsa rigar sanyi, Baba ya zo da wata tsohuwar jaka, ya sa muka ɗaga kujerar gaba tunda injin Hiace a ƙarƙashinta yake. Kafin ya taɓa komai sai da ya yi mini karatu. Ya ce injin gas ba shi da tartsatsi irin na fetur, fistin ne ke matse iska, a wannan injin kusan ninki 22, matsin ya sa ta yi zafi, sai nozul ya fesa gas ya kama da kansa. To da asuba ƙarfen tof, wato kan injin, ya yi sanyi ƙalau, yana shanye zafin kafin gas ya kama, balle irin wannan injin da ke da ɗan ƙaramin ɗaki a cikin tof inda ake fara fesa man, shi ya fi dogara da hita a kan sababbin injuna masu fesawa kai tsaye. Ga shi Jos tudu ce, mita dubu da ɗari biyu ko fiye, iskar ba ta kai ta ƙasa kauri ba. Hita fulogi ɗan sandan ƙarfe ne da bakinsa ke leƙe cikin wannan ɗakin, in wuta ta shige shi ya yi jawur, gas ya taɓa shi ya kama. Farin hayaƙin da nake gani kuma gas ne da aka fesa bai ƙone ba, kakkarwar kuma silindar da hitarta ta mutu ce ba ta kama aiki ba sai da sauran suka ɗumama ta.

Sannan ya fara, kuma daga wuta ya fara ba daga fulogi ba. Akwai wata siririyar farantin ƙarfe da ta haɗa kawunan fulogan huɗu, ya ɗora mita a kanta ɗaya wayar a jikin inji, ya ce murɗa makulli kar ka buga. Na murɗa, muka ji rila, makunnin da ke sakar wa fulogan wuta, ta yi ƙas, mita ta nuna wuta ta iso amma ba ta cika ba, tana wajen bolt tara, ya ce to rila na aiki fiyus bai ƙone ba, amma akwai inda wuta ke zubewa, za mu dawo kanta. Ya kwance ƙananan notin nan huɗu ya cire farantin, ya ce in ba ka raba su ba mai rai zai rufa wa matacce asiri. Ya ciro fitilar gwajinsa, ƙwan mota ne kawai da waya biyu ya naɗe da salatif, ya maƙala ɗaya a kan fozitif na batir, ɗayan yana taɓa kan kowane fulogi. Na ɗaya, ƙwai ya kawo. Na biyu, shiru. Na uku, shiru. Na huɗu ya kawo. Ya sake bi da mita a ma'aunin om, na ɗaya ya nuna ƙasa da om ɗaya kaɗan, ya ce haka ake so, na biyu da na uku mita ko motsi ba ta yi ba wato wayar cikinsu ta tsinke, na huɗu kuma ya nuna sama da uku, ya ce wannan yana da rai a fitila amma ya kusa. Duka wannan gwajin bai kai minti goma sha biyar ba. Na tsaya ina kallon ƙwan fitilar nan da bai fi na ɗari biyar ba, ina tuna dubu casa'in da bakwai da na riga na zubar, na rasa dariya zan yi ko me.

Cirewar ce ta zo da tashin hankali. Baba ya ce a tayar da ita ta yi zafi tukuna, da turi muka tayar, ta yi kamar minti ashirin a silo, ya kashe, ya fesa man sassauta tsatsa a gindin kowanne, gwangwanin ni na aika aka sayo dubu biyu da ɗari biyar. Da doguwar soket lamba 12 na ɗaya da na biyu da na huɗu suka fito ba gardama. Na uku ya juya kamar zagaye biyu ya cije. Yaron Baba ya ɗauko bututu zai zura a hannun sifana ya ƙara ƙarfi, Baba ya daka masa tsawar da ni ma sai da na razana, ya ce kai in ya karye a ciki tof za a sauke, kai za ka biya? Ya bayyana mini cewa bakin ne ya kumbura ga kuma baƙin gawayi ya kama shi a rami, kuma jikin fulogin siriri ne ba ya ɗaukar murɗa. Ya ƙara fesa mai ya ce mu tafi, sai gobe. Wani yinin ya sake tafiya ba lodi, na kwana ina juyi, duk tunanina ya karye a sauke tof ɗin da nake gudu. Washegari Baba ya zauna a kan kujerar roba yana murɗa shi kwata gaba kwata baya, ya fesa mai, ya jira, ya sake, yana ta hirar zamanin da yake gyaran manyan motoci kamar ba abin da ya dame shi, ni kuwa gumi nake a cikin sanyin. Sama da awa ɗaya kafin ya zare shi. Bakinsa ya kumbura ya tsage gefe guda, baƙi ƙirin. Ya tambaye ni wane nozul ne aka ce yana ɗiga, na ce na uku, ya ce to ga wanda ya kashe shi, nozul mai ɗiga yana cin bakin hita, don haka kuɗin injekta bai tafi a banza ba, da ba a gyara shi ba sabon ma haka zai yi.

Ya gwada mini na ɗaya da na huɗu a waje don in gani. Ya riƙe da filaya, jikin a kan negatif, waya daga fozitif zuwa kansa, na ɗaya cikin 'yan daƙiƙu bakinsa ya yi ja tun daga tsini, ya cire wayar nan take ya ce ba a barinsa ya daɗe. Na huɗu sai da aka jima sannan ya yi ɗan ja a tsakiya, tsinin bai yi ba. Ya ce a canza huɗun gaba ɗaya, tare suka tsufa, in ka canza biyu bayan wata ɗaya za ka dawo.

Sayen ma karatu ne. Ya ba ni mai ran a leda ya ce je Dilimi wurin masu sayar da kayan mota da shi a hannu, ka karanta abin da ke rubuce a jikinsa, akwai lamba kuma akwai 11V, kar ka karɓi wanda bai yi daidai da shi ba a tsawo da zare da bolt. Shagon farko suka miƙo mini wani kamanninsu ɗaya sak, na juya na ga 23V, na manyan motoci masu batir biyu ne, yaron shagon yana ta rantsuwa wai duk ɗaya ne, da na sa shi ba zai yi zafin kirki a motata ba. Akasin haka ma akwai masu ƙaramin bolt da in ka sa su nan take za su ƙone. Wani shagon nasu ya fi nawa tsawo da ɗan kaɗan. A na uku na samu daidai, ya fito da kala uku, na Beljiyam da aka ciro daga wani injin, da wani sabo marar suna mai araha, da mai kwali na kamfanin da aka sani, irin su Denso da NGK da Bosch su ne sunayen da Baba ya ce in nema. Na kira shi ya ce hita ba a sayen tsoho, ba ka san kwana nawa ya rage masa ba. Na ɗauki mai kwali, dubu bakwai da ɗari biyar kowanne, talatin ke nan, na sa ya gwada kowanne da mita a gabana, ya rubuta mini rasit da lambar kayan da sharaɗin in bai yi ba zan dawo da shi. Ya ɗan ɓata rai amma ya rubuta.

Kafin a ɗaura sai da Baba ya goge ramukan ya fitar da gawayin, ya fara ɗaura kowanne da yatsu har ya zauna sannan ya ɗan ƙara da soket, kaɗan, ya ce ba notin taya ba ne. Ya kankare farantin da sanfefa har ta yi haske. Sannan ya koma kan wutar da ba ta cika ba, ya bi wayar har rila, ashe kan wayar ya yi kore da tsatsa, ya yanke ya sa sabon kai ya ɗaure, aka sake gwadawa ta haura bolt goma sha ɗaya. Yaronsa ya kawo shawarar a sa mini maɓalli dairek in riƙa dannawa da hannu kamar yadda ake yi wa motoci da yawa, Baba ya ce ana yin haka in agogon ya mutu kuma ba a samu wani ba, amma nawa lafiyarsa ƙalau, kuma masu maɓallin su suka fi kawo masa ƙonannun fulogai don mutum zai danne ya manta yana hira. Motar ta sake kwana a wurinsa. Da asuba ya ce murɗa, jira fitila ta ɗauke, buga. Rabin kik. Ba kakkarwa, ɗan hayaƙi kaɗan ya fita ya ɓace. Na kashe na zauna shiru a kujera, Baba na tsaye yana hura hannuwansa yana murmushi. Na ce nawa ne Baba, ya ce kawo dubu biyar, na ba shi takwas ya mayar mini da ɗaya wai in sha shayi.

Da zan sake bi ta wannan hanyar, tambayoyin da ya yi mini a wurin mai shayi su zan fara yi wa kaina. In ciwon na asuba ne kawai, da rana tana tashi lafiya, tana jan kaya, ba ta shan baƙin mai, hayaƙin fari ne mai warin gas kuma yana ɗaukewa in ta ɗumama, to a duba hita kafin a taɓa aljihu. In kik ne ke juyawa a sanyaye tun bugun farko wannan maganar batir ce ko kan batir ko kik ɗin kansa, amma batirin da ka tsotse da bugu goma kar ka kai shi gwaji a haka, a caje shi ya cika tukuna. In famfon hannu ya yi laushi sai ka danna da yawa kafin ya yi tauri, nan ne ake zargin iska a layi, nawa kuwa tauri yake tun farko. Maganar ringi kuma ba a yanke ta da baki, akwai agogon gwada kwamfureshan, duk wanda ya ce a sauke maka inji ka ce ya gwada ya nuna maka lamba. Kuma ka kai motar ta kwana a wurin mai gyara, don duk waɗanda na fara zuwa wurinsu da rana nake isa da inji mai zafi, mota na tashi rabin kik a gabansu, to me za su gani, sai hasashe. Ban ce sun cuce ni da gangan ba, kowa abin da yake sayarwa ya hango.

Fesa maganin sauro ko fetur a bututun iska kuwa da na ba Baba labari sai da ya riƙe baki, ya ce abin yana kamawa tun fistin bai kai sama ba, ga hita mai zafi a ciki, ƙarar da na ji ke nan, ana fasa fistin ko a lanƙwasa kwanrod, sandan da ke riƙe fistin, a haka, Allah ne ya tsare.

Tsohon batirin da aka ce sel ɗinsa ya mutu na kai wani wurin aka caje shi kwana ɗaya, yanzu haka shi ke riƙe mana ƙwai uku da cajin waya a gida in an ɗauke wuta. Dillalin kabejin ma ya dawo bayan sati biyu, da kansa ya kira ya ce ya ji mota ta warke, gobe akwai buhu arba'in.